Tsumagiya da Yabo a Gidan Kirista

Shirin na yau ya shafi abin da ke faruwa a tsakar gida bayan an taso daga sujada, an tuɓe kayan Lahadi, sai yaro ya fasa tulu ko ya ɓatar da canjin aike. Magana ce a kan yadda iyaye Kirista ke horon 'ya'yansu, da yadda suke ƙarfafa musu zuciya, in har suna yi.

Duk wanda ya tashi a Wusasa, Kafanchan, Jos, Biliri ko Garkida ya san ayar da iyaye suka fi haddacewa a kan tarbiyya. Tana cikin Karin Magana sura 13 aya 24, wadda ta haɗa hana yaro tsumagiya da rashin ƙaunarsa. Ko uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta, domin ta sha jin ta a taron Zumuntar Mata. Amma akwai wasu ayoyi biyu da Manzo Bulus ya rubuta wa ubanni kai tsaye, waɗanda ba su yi irin wannan farin jini ba. A Afisawa sura 6 aya 4 ya ja kunnen ubanni a kan cusa wa yara haushi, ya kuma ɗora musu nauyin renon da Ubangiji yake so. A Kolosiyawa sura 3 aya 21 ya faɗi dalilinsa: yaron da ake matsa wa lamba ba dare ba rana, zuciyarsa karaya take yi.

Wannan magana ba ƙarama ba ce a zamanin da aka rubuta ta. A dokar Romawa uba yana da iko kusan marar iyaka a kan 'ya'yansa, ko da sun girma sun yi aure. A cikin irin wannan duniya ce Bulus ya tsaya ya ce wa maigida akwai iyakar da ba zai ƙetare ba, kuma zuciyar ɗansa abar kiyayewa ce.

Akwai wata mata da ta yi ƙoƙarin riƙe ɓangarorin nan biyu a hannu ɗaya, kuma ta bar bayanin yadda ta yi a rubuce. Sunanta Susana Wesley. An haife ta a Landan a 1669, ta auri wani limamin coci mai suna Samuel Wesley, suka zauna a ƙauyen Epworth da ke gabashin Ingila. Ta haifi 'ya'ya 19, tara daga cikinsu suka rasu tun suna ƙanana. Gidan talauci ne da bashi, har a 1705 aka ɗaure mijinta a kurkuku saboda ya kasa biya. A watan Fabrairu na 1709 gobara ta cinye gidan ƙurmus, da ƙyar maƙwabta suka zaro wani yaro ɗan shekara biyar ta tagar sama. Yaron nan shi ne John Wesley, wanda daga baya ya kafa tafiyar da ta zama Ikilisiyar Methodist, wadda ta iso Badagry a 1842 kuma tana nan a Najeriya har gobe. Ƙanensa Charles ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000.

A 1732 John ya roƙi mahaifiyarsa ta rubuta masa yadda ta rene su, ta kuwa rubuta masa doguwar wasiƙa. Abin da ke ciki ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙa'idodin ba na malamin jami'a ba ne, na uwa ce da yara suka cika wa ɗaki.

Ta lura cewa tsoron duka ne ke koya wa yara ƙarya, har ta zame musu jiki. Saboda haka ta kafa doka: yaron da ya yi laifi, ya faɗi gaskiya da bakinsa, ya yi alkawarin gyarawa, ba za a doke shi ba. Iyaye da yawa a yau akasin haka suke yi. Za a ce wa yaro, faɗi gaskiya, ba abin da zan yi maka. Yana faɗa sai bulala ta sauka. Darasin da ya ɗauka a ranar shi ne gaskiya ce ta jawo masa duka, kuma maganar mahaifinsa ba abar dogaro ba ce. Gobe in ya yi ɓarna, zai rantse har da hawaye cewa ba shi ba ne.

Ta kuma hana a hukunta yaro sau biyu a kan laifi ɗaya, kuma in ya gyara, ba a sake yi masa gori da shi. Nan ma akwai abin dubawa. A gidaje da yawa uwa za ta doki yaro da rana, ta ce bari babanka ya dawo. Baba ya dawo da yamma a gajiye, ya ƙara nasa. Yayan yaron ya bi da ranƙwashi. Bayan shekara uku, in baƙi sun zo, a sake ba da labarin ana dariya yaron yana sunkuyar da kai. Iyayen da ke tsayawa a majami'a suna shaida cewa Allah ya shafe zunubansu bai ƙara tunawa da su ba, bai kamata su zama masu ajiyar kundin laifofin ɗan shekara takwas ba.

Sauran ƙa'idodinta sun karkata ne ga ƙarfafawa. In yaro ya yi biyayya a kan abin da ransa ba ya so, a yaba masa, wani lokaci har da tukuici. In ya yi wani aiki da niyyar faranta wa iyaye rai amma aikin bai yi kyau ba, a karɓi niyyar da fara'a, sannan a nuna masa cikin taushi yadda zai yi gaba. Yarinyar da ta ɗauki tsintsiya ba a sa ta ba, ta yi shara ta bar ƙura a lungu, abin da take jira ta fara ji shi ne sannu da aiki, ba wannan wace irin shara ce ba. Susana ta ce a cika wa yaro alkawari, kyautar da aka ba shi kada a ƙwace, kuma kada babba ya danne wa ƙarami kayansa ko da allura ce. Ta kuma dage cewa ba za a sa 'ya mace aikin ɗinki ba sai ta iya karatu sosai tukuna, a zamanin da ba a damu da ilimin mata ba.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri kuwa ba ya cikin jerin dokokin. Ta ware wa kowane yaro lokacinsa shi kaɗai sau ɗaya a mako, da dare, su zauna su yi hira a kan abin da ke damunsa da kuma zamansa da Allah. Wata ranar Litinin, wata Talata, Charles ranar Asabar. Rabon John shi ne daren Alhamis. Bayan kimanin shekara ashirin, yana malami a Jami'ar Oxford, ya rubuta mata yana roƙon ta sake ware masa wannan ɗan lokaci na daren Alhamis, domin ya san amfanin da ya yi masa. Mace mai yara kusan goma, ga bashi, ga mijin da yakan yi watanni a Landan, ita ce ta samo wannan lokaci. Yana da wuya uban da ke kwashe awa biyu a gidan kallon ƙwallo ko a kan waya ya ce shi bai da sarari.

Ba waliyyiya marar aibu ba ce, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi haka. A cikin wasiƙar nan dai ta bayyana cewa tun yara suna shekara ɗaya ake koya musu tsoron tsumagiya, da yin kuka a hankali. Wannan ba abin koyi ba ne. Jaririn da bai iya magana ba bai san laifi ba, kuka ne kaɗai bakinsa, kuma likitoci sun tabbatar da cewa girgiza jariri da ƙarfi ma kawai na iya lalata masa ƙwaƙwalwa ko ya kashe shi. Ta rayu a zamaninta, ta ɗauki wani abu daga taurinsa.

Tun kafin ita, manyan malaman ikilisiya sun yi ta jan kunne a kan yawan duka. Yohanna Kirisostom, mai wa'azin Antakiya wanda ya rasu a shekara ta 407, ya rubuta ɗan littafi a kan renon yara, inda ya shawarci uba ya yi aiki da kallo mai nuna ɓacin rai, da magana mai shiga jiki, da lallashi, da alkawarin lada, kada ya mai da duka abin kullum, domin yaron da ya saba da duka raina shi yake yi. Martin Luther, wanda aka haifa a Jamus a 1483, ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa ta doke shi har jini ya fita saboda ƙwaya ɗaya tak ta wani ɗan itace, da yadda mahaifinsa ya taɓa yi masa dukan da ya sa ya daɗe yana gudunsa. Bai ce ba sa ƙaunarsa ba. Cewa ya yi niyyarsu mai kyau ce amma ba su san awo ba, ya kuma shawarci iyaye su haɗa horo da abin faranta rai.

Binciken zamani ya zo ya tarar da su a wurin. A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara nazarce-nazarcen shekara hamsin da suka shafi yara fiye da 160,000. Sun samu cewa yawan duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai, da faɗace-faɗace, da damuwar zuciya, wato ainihin abubuwan da ake dukan don a kawar. A Najeriya kuma, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'i na cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma kusan rabin yaran ƙasar sun sha na jiki, akasari a hannun iyaye ko manya na gida. Waɗannan gidaje ba a wata duniya suke ba. Da yawa daga cikinsu ana addu'ar safe a cikinsu, ana rera waƙa kafin a kwanta.

Kiristoci masu tsoron Allah sun sha bamban a kan ko akwai wurin 'yar tsumagiya a gida ko babu, kuma shirin nan ba zai raba wannan gardama a zama ɗaya ba. Amma akwai abubuwan da babu gardama a kansu. Dukan yaro da wayar lantarki, ko sa masa barkono a ido, ko ƙona masa hannu don ya taɓa nama a tukunya, ko ɗaure shi, ko hana shi abinci kwana guda, ba horo ba ne, zalunci ne, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta azabtar da yaro. Haka nan laƙaba wa yaro maita a kai shi a azabtar da sunan addu'a. Maƙwabcin da ya ji ihun yaro irin wannan ya yi shiru yana cewa ba ruwansa, ya manta cewa ɗa na kowa ne. Akwai dattawan ikilisiya, akwai ofishin jin daɗin jama'a, akwai 'yan sanda in abin ya kai can.

Ma'aunin da Littafi Mai Tsarki ya bayar yana cikin Ibraniyawa sura 12, inda aka kwatanta horon Allah da na uba: ana yin sa don amfanin wanda ake horon, yana da zafi a lokacin, amma daga baya yana haifar da salama. To, in uba ya ɗaga hannu saboda an ɓata masa rai a wurin aiki, ko don yaron ya kunyata shi a gaban baƙi, amfanin wa ake nema? Wannan huce haushi ne. Shi ya sa dattawa masu hikima kan ce wa matasan iyaye, in ranka ya ɓaci, fita ka sha iska tukuna, laifin ba zai gudu ba. In an dawo, a kira yaro gefe, ba a gaban abokansa ba, a tambaye shi abin da ya faru, a saurara har ya gama. Hukuncin kuma ya yi daidai da laifin: wanda ya ɓarar da ruwa ya ɗebo wani, wanda ya ɗauki abin wani ya mayar da hannunsa ya ba da haƙuri, wanda ya ƙi dawowa gida a kan lokaci ya rasa fita wasa gobe.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ɗauka cewa sakaci ne ake wa'azinsa. Littafin Sama'ila na fari ya ba da labarin Eli, firist a Shilo, wanda 'ya'yansa Hofni da Finehas suka riƙa wawure naman hadaya suna lalata da matan da ke hidima. Ya yi musu magana, amma bai hana su ba, gidansa kuwa ya rushe a rana ɗaya. An kuma rubuta a farkon littafin Sarakuna na fari cewa Dawuda bai taɓa tsawata wa ɗansa Adonija ba ko sau ɗaya, shi ne kuwa ya tashi neman kujerar uban tun yana da rai. Hausawa sun ce ka so naka duniya ta ƙi shi. Uban da ke jin tsoron ɓacin ran ɗansa har ya kasa ce masa a'a, ya bar wa duniya aikin, ita kuwa ba ta da tausayi.

Sai batun baki, wanda tabonsa ya fi na bulala daɗewa. Shege, ɗan iska, daƙiƙi, ba za ka taɓa yin albarka ba, kai dai halin dangin uwarka ka ɗauko. Akwai magidanta masu furfura a yau da sun manta dukan da suka sha amma suna iya maimaita zagin kalma bayan kalma. Binciken 2014 ɗin nan ya samu cewa yarinya ɗaya cikin shida da yaro ɗaya cikin biyar sun sha irin wannan cin mutunci daga iyaye ko masu riƙonsu. Al'ummar da ta yarda cewa bakin iyaye yana kama ɗa ya kamata ta fi kowa taka-tsantsan da shi.

Yabo kuma yana yi wa iyaye da yawa nauyi a baki. Akwai kunya, musamman ta ɗan fari, wanda wasu ko sunansa ba sa kira. Akwai kuma tsoron kada kan yaro ya kumbura. Sai ka ga uba yana alfahari da 'yarsa a wurin abokai, amma ita ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ta kawo sakamako ta zo ta biyu a aji, abin da za ta ji shi ne, wanda ya zo na ɗaya kai biyu gare shi? Alhali a bakin Kogin Urdun, kafin Yesu ya yi wa'azi ko ɗaya ko ya warkar da kowa, Uba ya shaida a fili cewa yana ƙaunarsa yana kuma jin daɗinsa.

Tsoron kumburin kai yana da tushe, amma maganinsa sanin abin da za a yaba ne. A 1998 Carol Dweck da Claudia Mueller na Jami'ar Columbia sun gwada 'yan firamare da wasu tambayoyi. Wasu aka ce musu lalle kuna da ƙwaƙwalwa, wasu aka ce lalle kun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi saurin karaya, da yawansu ma suka ƙara wa makinsu gishiri da aka tambaye su. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka dage. Saboda haka, na ga yadda ka haƙura da ƙanenka ɗazu, Allah ya yi maka albarka, ta fi kai ne gwanin gidan nan amfani nesa ba kusa ba.

A kuma raba yabon da adalci. Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu ta fi son Yakubu, gida ya rabu biyu. Yakubu bai ɗauki darasi ba, ya ɗinka wa Yusufu riga ta musamman, 'yan'uwansa suka sayar da shi. A gidajen yau wanda ya fi shan wannan bambanci shi ne ɗan riƙo, ko maraya, ko yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye don aiki. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, kuma in kofi ya fashe ita ce mai laifi tun kafin a tambaya. 'Ya'yan gida suna kallo, suna koyon yadda ake yi da marar gata. Suna kuma kallon yadda baba ke yi wa mama magana, domin ayoyi biyu kacal kafin gargaɗin ubanni a Kolosiyawa, Bulus ya hana maza ɗaci ga matansu.

Gidan Epworth kansa ya ɗanɗani abin da taurin zuciya ke jawowa. Hetty, wadda ta fi sauran 'yan matan gidan basira, ta bi wani saurayi da bai aure ta ba, ta dawo cikin kunya. A 1725 aka aurar da ita ga wani mai aikin famfo da ba sa'anta ba ne a ilimi, ta yi zaman baƙin ciki, mahaifinta kuma ya daɗe bai sauko ba. John, wanda a lokacin sabon mai hidima ne, ya yi wa'azi a kan ƙaunar da ta wajaba a nuna wa masu zunubi, uban ya gane da shi ake, ya ji zafi. Limamin da ya sha karanta Luka sura 15, labarin uban da ya hango ɗansa tun daga nesa ya sheƙa a guje ya tarye shi, ya kasa yin haka ga 'yarsa. Irin wannan na faruwa har yau duk lokacin da yarinya ta yi ciki a gida, aka kore ta don kare sunan iyali, alhali lokacin ne ta fi bukatar uwa da uba.

Ikilisiyar farko ma ta ga rabuwar ra'ayi a kan karɓar wanda ya yi kuskure, wato wani saurayi, Yahaya Markus, wanda ya bi Bulus da Barnaba tafiyar bishara ya gudo gida daga Bamfiliya. Da za a sake fita, Bulus ya ce ba za a tafi da shi ba. Barnaba, wanda ɗan'uwan Markus ne, ya ce sai an ba shi dama ta biyu. Gardama ta yi zafi har suka rabu, Barnaba ya ɗauki saurayin suka nufi tsibirin Kubrus. Shekaru suka wuce. Bulus yana kurkuku a ƙarshen rayuwarsa, ya rubuta wa Timoti wasiƙa ta biyu, a sura 4 aya 11 ya roƙe shi ya taho masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi cikin aikin. Bisa ga abin da ikilisiya ta riƙe tun ƙarni na biyu, wannan Markus ɗin ne ya rubuta Bishara ta biyu a Sabon Alkawari, Kiristocin Masar kuma suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa ikilisiyarsu a Iskandariya.